Gyaran Inod ɗin da Ya Ƙi Fita: Jagora ga Mai Taɓa Kanel ɗin Linux a Damagaram

Babu kwamfutar Linux a Zinder da ba ta taɓa yin mutuwar fuju'a ba, ko ta ofis ce a Sabon Gari ko ta ɗalibi a Jami'ar André Salifou. Ana tsakiyar aiki a ɗauke wuta, inji ya yi tsit ba sallama. Kaso mai tsoka na wutar yankin nan daga Katsina yake shigowa ta layin Gazawa, shi ya sa da Najeriya ta katse ta a Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, faifan kwamfutoci suka ji jiki har zuwa Maris ɗin 2024. Idan wuta ta dawo ka kunna, ka buga dmesg, sau da yawa za ka ga ext4 yana sanar da cewa ya share inod marayu guda kaza. Wannan layin ba ɓarna yake nunawa ba, shara ce da aka bari rabi aka dawo aka ƙarasa. Jagorar nan ta ranar da sharar ta ƙi kammaluwa ce, kuma laifin yana cikin kanel ɗin kansa.

Inod shi ne takardar shaidar fayil: girmansa, mai shi, izinin karatu da rubutu, lokutan da aka taɓa shi, da guraben faifai inda bayanansa suke kwance. Sunan fayil ba ya ciki. Suna a jakar fayil yake, yana nuni ga lambar inod. Haka Ken Thompson da Dennis Ritchie suka tsara Unix a Bell Labs tun wajen 1969, Linux kuma ya gada. Buga ls -i ka ga lambobin, buga df -i ka ga nawa suka rage. A ext4 tushen faifai kullum lamba 2 ne. Memorin da masu tura fim da waƙa suke cikawa a Kasuwar Dole yawanci FAT ne ko exFAT, waɗanda ba su da inod a jikin faifai, amma kanel yana ƙera musu na wucin gadi a ƙwaƙwalwa, don haka su ma dokar ta hau kansu.

Lissafi biyu, kada ka haɗa su

Kowane inod yana ɗauke da lissafi biyu. Na farko i_nlink, yawan sunayen da ke nuni gare shi a faifai. Na biyu i_count, yawan masu riƙe da shi a ƙwaƙwalwa a wannan lokacin. Ka tuna da fatoman Zango a zamanin Sarki Tanimu, lokacin da ayarin Agadas da na Kano suke sauka a bayan ganuwar Birni. Sunan baƙo a lissafin fatoma daban, mutanen da ke kwance cikin ɗakin daban. Baƙo yana iya yin sallama a soke sunansa alhali yaransa ba su kwashe kaya ba, kuma ba a bai wa wani ɗakin sai na ƙarshe ya fito. Haka rm yake: suna kawai yake sokewa. Muddin wani shiri yana riƙe da fayil ɗin a buɗe, gurabensa suna nan daram. Wannan ne dalilin da mutum zai goge babban fayil ya ga faifai bai ragu ba, kuma lsof +L1 zai nuna masa mai riƙon.

Duk mai riƙo yana sakin riƙonsa ne da iput. Idan i_count ya kai sifili, kanel yana tambaya: a ajiye inod ɗin ko za a sake nemansa, ko a kore shi? In babu sauran suna, kora ce nan take. In akwai suna, sai ya zauna a jerin jira har ƙwaƙwalwa ta matse ko a sauke faifan. Korar tana bi ta evict, wanda ke kiran evict_inode na tsarin fayil ɗin. Al Viro ne ya kawo wannan ƙofa guda a Linux 2.6.36 a 2010, ya haɗe tsofaffin delete_inode da clear_inode. Idan ka ci karo da bayanin da har yanzu yake maganar delete_inode, ka san ya tsufa, ka ajiye shi.

Kusan duk kuskuren sharar inod ɗayan uku ne: an riƙe ba a saki ba, an saki sau biyu, ko an yi sharar ba bisa jeri ba. Wahalar ita ce inda kanel ya faɗi ba nan aka yi laifin ba. Laifin yana baya, sau da yawa cikin layukan da ake bi kawai idan wani abu ya gaza, layukan da mai rubutun bai taɓa ganin sun gudana ba.

Karanta alamar

Idan riƙo ya yi yawa, ba ka ganin komai sai ranar sauke faifai. A lokacin kanel yana korar duk inod ɗin da lissafinsa ya kai sifili, ya tsallake masu riƙo, sannan ya duba ko akwai saura. In akwai, sai ya rubuta "VFS: Busy inodes after unmount". Tsofaffin kanel har suna ƙarawa da barkwancin cewa za su tarwatse nan da daƙiƙa biyar, a yini lafiya. Ba abin dariya ba ne, domin an riga an saki bayanan faifan da inod ɗin ya dogara da su, kuma duk ranar da mai riƙon ya saki, ƙwaƙwalwar wani zai taka. Kafin a kai nan, slabtop yana iya nuna maka ext4_inode_cache yana kumbura. Rubuta 2 cikin /proc/sys/vm/drop_caches, ka duba /proc/sys/fs/inode-nr. In ka maimaita aikin da kake zargi sau dubu, lambar ta ƙaru da kusan dubu kuma ta ƙi sauka, ka kama hanya.

Idan sakin ne ya yi yawa, alamar ta fi muni kuma ta fi ruɗi: inji ya faɗi a wani wuri da bai shafi fayil ba, yau nan, gobe can. Idan jeri ne ya karkace, za ka ga "kernel BUG at fs/inode.c" da lambar layi, yawanci cikin clear_inode, wanda ba ya yarda a kawo masa inod mai sauran shafuka a ƙwaƙwalwa. Akwai kuma ta huɗu mai shiru: ls ya tsaya cik, ko kill -9 ba ya motsa shi, bayan daƙiƙa 120 dmesg ya ce wani aiki ya maƙale. Wannan galibi inod ne da aka bari da tutar I_NEW.

Kwafi saƙon gaba ɗaya, daga layin farko. In allon ya daskare, ɗauki hotonsa da waya.

Wurin gwaji

Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ba a gwada kanel mai ciwo a kan injin da ke ɗauke da aikin mutane. Yi amfani da QEMU, ka tada kanel ɗinka a kwamfutar ƙarya, ka juyo saƙonninsa zuwa tagarka da console=ttyS0 don kada su ɓace idan ya faɗi. Faifan gwaji ƙarami ya isa: truncate -s 64M, sai mkfs, sai mount -o loop.

Maganar data gaskiya ce. Dunƙulen tushen kanel daga kernel.org ya haura megabayit 100, cikakken tarihin git kuwa gigabayit ne da dama. Mutum ɗaya ya sauke inda intanet ke da ƙarfi, saura su kwafa ta filas, daga nan git fetch ƙarin kawai yake jawowa. Kada ka yi rowar tarihin, za ka buƙace shi. Don rage lokacin harhaɗawa, fara da make defconfig da kvm_guest.config, ka sa ccache. A zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke wuce digiri 40, laftof yana rage gudu da kansa don kada ya ƙone, gara ka bar babban harhaɗawa sai dare ko bayan asuba, baturi a cike.

Kunna CONFIG_DEBUG_INFO, CONFIG_KASAN, CONFIG_PROVE_LOCKING, CONFIG_DEBUG_KMEMLEAK da CONFIG_FAULT_INJECTION. A cikinsu KASAN, wanda ya shigo a Linux 4.0 a 2015, shi ne gwani a wannan aikin. Yana cin kashi ɗaya cikin takwas na ƙwaƙwalwa, yana rage gudu, amma idan aka taɓa abin da aka riga aka saki, sai ya ba ka sawu uku: wanda ya taɓa, wanda ya ware, da wanda ya saki. Na ukun nan za ka fara karantawa. Bi da saƙon ta scripts/decode_stacktrace.sh ya koma sunan fayil da lambar layi.

Kada ka taɓa layi ko ɗaya kafin ka sami ɗan rubutun da ke tada matsalar duk lokacin da ka so. In matsalar sabuwa ce, tsohon kanel ba ya yin ta, git bisect zai raba tarihin biyu-biyu, kuma ko canji dubu goma ne tsakani, gwaji kamar goma sha huɗu ya isa ya nuna mai laifin.

Wa ke da riƙon?

Nan gizo ke saƙa. Ɗauki takarda da biro, ka bi aikin da ake zargi layi-layi. Duk inda aka samo inod, ta new_inode, iget_locked, igrab ko ihold, rubuta ƙari ɗaya. Duk inda aka yi iput, rubuta ragi ɗaya. Sannan ka bi kowace hanyar fita daban, kowane return da kowane goto, ka ga ko lissafin ya tashi daidai. Abin da ke kayar da mutane shi ne akwai ayyukan da ke karɓe riƙon daga hannunka ba tare da kalmar iput ta bayyana ba. d_instantiate yana miƙa riƙonka ga sunan. d_splice_alias ma yana karɓewa, ko ya yi nasara ko ya gaza. Sanannen tarkon shi ne wannan, a wajen ɗora faifai:

    sb->s_root = d_make_root(root);
    if (!sb->s_root) {
            iput(root);
            return -ENOMEM;
    }

Da ido, wannan rubutun mai tsafta ne: an gaza, an saki. Amma d_make_root, tun zuwansa a 2012, shi da kansa yake yin iput idan ya gaza. Magabacinsa d_alloc_root ba ya yi, don haka duk wanda ya saba da tsohon, ko ya kwafo daga tsohon rubutu, sai ya saki sau biyu. Gyaran layi ɗaya ne, a cire iput ɗin. An yi irin wannan facin a tsarin fayil fiye da ɗaya. Ba ya bayyana sai ƙwaƙwalwa ta ƙare daidai wannan lokacin, shi ya sa yake iya kwana shekaru ba a gani ba. Kada ka yarda da sunan aiki ko da abin da ka tuna game da shi. Buɗe fs/dcache.c ko fs/inode.c na kanel ɗin da ke hannunka ka karanta, ka kuma leƙa Documentation/filesystems/porting.rst, inda ake rubuta irin waɗannan sauye-sauyen.

A wurin nan akwai tarko na biyu. Idan ɗora faifai ya gaza kafin s_root ya samu, kanel ba ya kiran put_super. Ma'ana duk inod na musamman da ka riga ka buɗe, na kundin aiki (journal) ko na taswirar gurabe, kai ne za ka sake su da hannunka, kuma kafin ka saki bayanan faifan, domin evict_inode zai nemi waɗannan bayanan.

Sai I_NEW. Idan iget_locked bai sami inod a ƙwaƙwalwa ba, yana ba ka sabo da wannan tutar, duk wani mai neman lambar kuma ya jira ka gama cika shi daga faifai. In karatu ya yi kyau, unlock_new_inode. In ya gaza, iget_failed, wanda ke yin abu uku a jere: ya yi wa inod ɗin alamar lalatacce, ya sauke tutar, ya saki riƙon. Wanda ya yi iput kaɗai ya tsallake matakai biyu, wanda ya manta duka ya bar masu jira har abada.

Wajen ƙirƙirar sabon fayil kuwa, a ce an ware inod a faifai, aka zo rubuta sunansa a jaka sai wuri ya ƙare. Inod ɗin yana da i_nlink ɗaya alhali babu sunan da ke nuni gare shi. In ka saki haka nan, kanel zai ɗauka fayil ne mai rai, ya bar shi a faifai, sai ranar da fsck ya tsince shi. Dole a sauke lissafin suna tukuna, sannan discard_new_inode. Duba ext2_add_nondir a fs/ext2/namei.c. Ni a ganina ext2, wanda Rémy Card ya rubuta a 1993, shi ne makarantar da ta fi dacewa da mai koyo: ƙarami ne, ba shi da kundin aiki, kuma hanyoyinsa sun sha duka sun gyaru.

Jerin shara a evict_inode

Jerin ba ya karɓar ra'ayi. Da farko truncate_inode_pages_final, ya zubar da shafukan fayil ɗin daga ƙwaƙwalwa. In babu sauran suna kuma inod ɗin ba lalatacce ba ne, a saki gurabensa da ƙarin sifofinsa a faifai. Sai invalidate_inode_buffers ga masu amfani da shi, sai clear_inode, sau ɗaya tak, a kowace hanyar fita, har da ta gazawa. Lambar inod ɗin ita ce ta ƙarshe da ake mayarwa taswira, domin da zarar ta koma wani zai iya ɗauka.

Sharaɗin "ba lalatacce ba" yana da nauyi. Inod ɗin da aka kasa karantawa yana iya ɗauke da tarkace, kuma in ka bi tarkacen kana sakin gurabe, na fayil ɗin wani za ka saki. Shirin syzbot na Google, wanda ke jefa wa kanel gurɓatattun faifai dare da rana tun 2017, ya tono kurakurai da yawa a daidai wannan lungun. Memorin da aka zare daga waya ana tsakiyar rubutu, aka kai wa mai tura fim, shi ma gurɓataccen faifai ne, sai dai ba da gangan ba.

Abu biyu a taƙaice. Tun Linux 2.6.38 a 2011 ana bin sunayen fayil ba tare da makulli ba, don haka ƙwaƙwalwar inod ba a sakinta nan take, sai ta free_inode, wanda ya zo a 5.2 a 2019. Kuma in tsarin fayil ɗinka na ɗorawa da cirewa ne, sa rcu_barrier kafin kmem_cache_destroy.

Marayu da ɗaukewar wuta

Koma kan fayil ɗin da aka soke sunansa yana buɗe. In wuta ta tafi a wannan halin, i_count ya tafi da ƙwaƙwalwa, babu mai yin iput, gurabe sun maƙale. Maganin da ext3 ya kawo, ext4 ya gada, shi ne jerin marayu a faifai: kan jerin yana babban gurbin faifai (superblock), kowane maraya yana ɗauke da lambar na gaba da shi. A 2021, Linux 5.15 ya ƙara fayil na musamman don wannan aikin, daga hannun Jan Kara, saboda tsohon jerin yana jawo cunkoso a manyan injina. Dokar dai ɗaya ce: soke suna da shigar da inod cikin marayu su kasance cikin ma'amala guda ta kundin aiki, kuma ba a fitar da shi daga jerin sai an gama sakin gurabe. In shara ta gaza a tsakiya, a cire shi daga jerin ƙwaƙwalwa kawai, a bar na faifai don ɗorawa ta gaba ta ƙarasa. Wanda ya cire duka biyu ya zubar da gurabe, wanda ya bar duka biyu zai gamu da faɗuwa wajen sauke faifai.

Mai faci a ƙasar da wuta ba ta ƙiftawa yana iya mantawa da wannan gwajin. Kai ba ka da uzuri. A cikin QEMU buɗe babban fayil, goge shi yana buɗe, yi sync, sannan ka kashe QEMU ɗin da kill -9 daga waje. Tada shi, ɗora faifan, duba dmesg da df, sauke, ka bi da fsck -fn. Ya fito fes, ko gyaranka bai cika ba.

Tilasta gazawar

Tunda laifin a hanyar gazawa yake, dole ka sa abin ya gaza da hannunka. failslab yana sa ware ƙwaƙwalwa ya ƙi. Wanda na fi so shi ne fail-nth da ke ƙarƙashin /proc: ka rubuta 1, warewa ta farko ta gaza, ka rubuta 2, ta biyu ta gaza, haka har ka ratsa kowace ƙofa ta aikin. Don gazawar faifai akwai fail_make_request da dm-flakey. Gwada kafin faci ka ga faɗuwar da idonka, gwada bayan faci ka ga ta tafi. In ba ka ga ta farkon ba, ta biyun ba shaida ba ce.

Ka guji facin rufa-rufa. Sa "in ba komai a ciki, koma" a wurin da aka faɗi, ko cire BUG_ON don ya daina ihu, yana kashe saƙon ne ya bar lissafin a karkace. Haka ƙara igrab don kawai faɗuwa ta tsaya: ka mai da sakin da ya yi yawa ya zama riƙon da ba ya ƙarewa. In ba za ka iya faɗa cikin jimla ɗaya wane layi ne ya ɗauki riƙon, wane ne ya kamata ya sake shi ba, ba ka gama bincike ba. Bayan nan gudanar da fstests, aƙalla ./check -g quick, a kanel mai faci da marar faci, ka kwatanta. Ted Ts'o, mai kula da ext4, yana da kvm-xfstests da ke sauƙaƙa wannan.

Faci ɗaya, gyara ɗaya. Kada ka haɗa da gyaran sarari ko sauya sunaye. Bayanin da Turanci ake rubuta shi, kuma gajere mai gaskiya ya fi dogo mai ado: ga alamar, ga yadda ake tada ta, ga layin da lissafi ya karkace, ga dalilin da gyaran ya daidaita shi. Manna sawun KASAN bayan ka rage masa tarkace. Da git blame nemo canjin da ya kawo kuskuren, ka sa layin Fixes da haruffa 12 na farkon lambarsa da takensa. Wannan layin ne masu kula da tsofaffin kanel suke bi su san inda za su mayar da gyaran, kuma wayoyin Android masu araha da ke hannun mutane daga Zinder zuwa Magarya da Matamaye da yawansu a kan irin waɗannan tsofaffin suke, kamar 4.14 da 4.19. Rufe da Signed-off-by da sunanka, bi da scripts/checkpatch.pl, sannan scripts/get_maintainer.pl ya gaya maka wanda za ka aika wa. In facin ya taɓa fs/inode.c kansa, zai nuna Al Viro da Christian Brauner. Aika shi a rubutu tsantsa da git send-email. In mako biyu suka wuce shiru, duba ko lokacin haɗa sabon kanel ne, wanda ke zagayowa duk mako tara ko goma, domin a makonni biyun nan masu kula ba su cika duba sabon faci ba. In ba shi ba ne, ka sake ɗora facin a kan reshen mai kula na yanzu, ka maimaita gwajin fail-nth, ka sake aikawa.